Daga Filasko Zuwa Madubin Hanji: Tarihin Wankin Cikin Yara a Ƙasar Boɗinga da Shagari

1. Share Fage

Mutumin Mandera, ko na wani ƙauye daga cikin ƙauyukan ƙasar Boɗinga da Shagari, in ɗansa ya daɗe yana zubar da jini wajen bayan gida, maganin gida ya kasa, na ɗakin shan magani kuma ya kasa, ƙarshenta sai a ce ya kai shi babban asibiti. A can, bayan an auna jini da bahaya, wani lokaci likita ya kan ce sai an leƙa cikin babban hanjin yaron da wani dogon madubi mai fitila, aikin da likitoci ke kira kolonoskofi. Sa'an nan ya ba uban magani, ya ce a ba yaron ya sha tun ana gobe, don cikinsa ya wanku sarai.

Wannan umurni ba ya ba Basakkwace mamaki, domin wankin ciki daɗaɗɗen abu ne a ƙasarsa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi a kansa. Amma fa wankin cikin da kakanni suka sani da wanda likita ke nufi, ko da ya ke sunansu ɗaya, wani lokaci ma ganyensu ɗaya, manufarsu ta sha bamban. A da wankin shi ne maganin. A wurin likitan yau share hanya ne kawai, don ido ya sami wucewa. Abin da wannan takarda ta ƙunsa shi ne tarihin yadda aka tashi daga waccan manufa aka zo wannan, da kuma abin da ke samun yaro in iyayensa suka ɗauki ɗayar a matsayin ɗayar.

2. Ilmin Ɗibbu a Zamanin Sifawa da Boɗinga

Bayan da aka ci Alƙalawa cikin 1808, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato cikin 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya tashi daga Gwandu ya zauna Sifawa, bai koma Sakkwato ba sai 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, kusa da shi. A waɗannan shekaru ƙasar nan ita ce matattarar malamai da almajirai, kuma cikin fannonin da a ke karantawa har da ɗibbu, watau ilmin magani. Malam Abdullahi ya wallafa Masalihul Insani, wanda ya haɗa gyaran addini da na jiki. Bello kuwa ya fi kowa yawan rubutu a wannan fanni. Yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan ciwon ƙoda, da wani a kan magungunan tsutsar ciki, da wani a kan basir mai suna Ƙaulul Mansur, da kuma wani a kan ganyen da Larabawa ke kira sana da hanyoyin sassauta ciki da shi. Ɗan'uwan wannan ganye na ƙasar Hausa shi ne filasko, wanda ke fitowa a saura ba mai shuka shi.

Mai lura zai ga yawancin littattafan nan a kan ciki da hanji su ke. Dalili kuwa, ɗibbun da malaman suka gada daga Ibn Sina, wanda ya rasu cikin 1037, da shi da magabatansa har zuwa Jalinusu na Yunanawa, ya ginu ne bisa cewa jiki yana da ruwaye huɗu: jini, da majina, da safara'u, da sauda'u. In ɗayansu ya yi yawa ko ya ɓaci sai cuta ta tashi, maganinta kuwa a fitar da abin da ya ɓaci, ko ta hanyar ƙaho, ko ta amai, ko ta zawo. Bayan wannan akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Maja suka ruwaito, inda aka yabi sana a kan wani maganin zawo mai zafi. Saboda haka sai wankin ciki ya sami daraja biyu, ta masana ɗibbu da ta malaman hadisi.

Kada a zaci Turawan wancan zamani sun wuce wannan matsayi. Su ma tsagar jini da ba da maganin zawo su ne manyan makamansu. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824, Bello ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila, da Clapperton ya komo cikin 1826 kuma ya kawo masa littattafan Larabci, har da na Ibn Sina. Amma atuni ya kama baƙon, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827, ba wanda ya iya sanin abin da ke cin hanjinsa, ko bakin mai gida ko na baƙo. Masu magani na duniya duka a lokacin daga waje su ke tsaye, suna kintatar abin da ke ciki daga abin da ya fito.

3. Maganin Gida

Littattafan Larabci na malamai ne. Yaron ƙauye kuwa a hannun ungozoma da kaka da wanzami ya ke tashi. Tun yana jariri a ke ba shi ɗauri, watau ruwan saiwoyi da sassaƙe da aka dafa, don ya yi ƙwari, cikinsa kuma ya tsabtata. In ciki ya ɗaure a jiƙa tsamiya, ko a dafa filasko, ko a ba da man zurma. In ya ɓalle da gudawa sai a nemi masu ɗaurewa, irin su bagaruwa da sabara. Dakta Dalziel, wani likita da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwan nan cikin littafinsa na 1916, sa'an nan ya bayyana amfaninsu cikin babban littafinsa na 1937.

Akwai sunaye uku da a ke rataya wa kusan kowace cutar ƙasan cikin yaro: atuni, da basir, da ɗankanoma. Atuni shi ne zawo mai jini da majina. Basir kuwa a bakin Bahaushe ya fi na likita faɗi nesa, domin ya kan haɗa kumburin ciki, da ɗaurewarsa, da zubar jini, da fitar baya. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi ya buga littafinsa cikin 1988, ya nuna yadda sunayen cututtuka na Hausa ke bin alamar da ido ya gani, ba su bin sassan jiki yadda likita ya karkasa su. Wannan ba aibu ba ne ga harshen, domin sunan abu daga ganinsa ya ke fitowa, hanji kuwa ba a gan shi ba. Amma sakamakonsa shi ne cututtuka masu yawa suka taru ƙarƙashin suna ɗaya. Jinin nan da uwa ta gani yana iya zama na ƙwayar atuni, wadda Lösch ya bayyana a Rasha cikin 1875. Ko na tsutsar tsargiya, wadda Bilharz ya gano a Alƙahira cikin 1851, da ya ke akwai irinta mai zama a jijiyoyin hanji. Ko na tsagewar dubura. Ko na gyambon hanji mai daɗewa. Ko kuwa na wani ɗan tsiro mai kama da ɗan ɓaure a kan sili, wanda ke fitowa a bangon hanjin ƙananan yara, yana zub da jini ba tare da zafi ba. Basir na ainihi kuwa, irin na manya, bai cika kama yara ba. Filasko ba ya tsinke tsiro, bagaruwa ba ta kashe tsutsar tsargiya, yaro kuwa yana ta rasa jini kaɗan kaɗan har tafin hannunsa ya yi fari.

4. Yadda Aka Sami Ganin Cikin Hanji

Cikin 1806, watau ana tsakiyar jihadi, shekara biyu kafin a ci Alƙalawa, wani likita a birnin Frankfurt na Jamus mai suna Bozzini ya ƙera wani bututu da kyandir da madubi don leƙa kafofin jiki. Manyan likitocin Biyana suka kushe shi, ya mutu cikin 1809 bai ga amfanin aikinsa ba. Cikin 1853 Desormeaux na Faransa ya kyautata abin, ya sa masa fitila mai cin barasa da man tafintin, sai dai ta kan ƙona marar lafiya. Da fitilar lantarki ta samu, Kelly na Amurka ya fito da miƙaƙƙen bututun ƙarfe cikin 1895, wanda ke shiga kamar ƙafa ɗaya. Cikin wannan shekara kuma Röntgen ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, daga baya aka riƙa ɗura wani farin ruwa ta dubura ana ɗaukar inuwar hanjin.

Duk da haka wahalar ba ta ƙare ba. Babban hanjin baligi ya kai kamar ƙafa 5, kuma ba miƙe ya ke ba: ya hau ta dama, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauka ta hagu, sa'an nan ya yi lauje kafin ya kai dubura. Haske kuwa ba ya shan kwana. Abin da ya warware wannan shi ne zaren gilashi. Cikin 1954 Hopkins da Kapany suka nuna a Landan cewa in aka ɗaure dubban zarurrukan gilashi, kowane bai kai kaurin gashi ba, hoto ya kan bi su ko da an tanƙwara damin. Cikin 1957 Hirschowitz, a Jami'ar Mishigan, ya haɗiye irin wannan bututu da kansa ya leƙa tumbinsa. Cikin 1969 Wolff da Shinya, a wani asibiti na birnin New York, suka shiga leƙa babban hanji tun daga ƙofa har ƙarshe, suka kuma ƙago wani zargen waya mai lantarki wanda a ke tsinke tsiro da shi ba tare da an tsaga ciki ba. Cikin shekarun 1970 aka soma yi wa yara, cikin 1983 kuma aka sa 'yar kyamara a bakin bututun, hoton ya koma kan allo.

A ƙasar Sakkwato likitancin Turawa ya shigo ne bayan 1903, da fari don soja da ma'aikata, daga baya En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a Zariya cikin 1962, ta Sakkwato kuma cikin 1975, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu, kowace da asibitin koyarwarta. A irin waɗannan manyan asibitoci ne a ke yin aikin madubin hanji, ba a yinsa a ɗakin shan magani na ƙauye.

5. Sabon Wankin Ciki

Madubi ba ya ganin abin da bahaya ta rufe. Tsiron da bai wuce ƙwayar wake ba, in ƙazanta ta lulluɓe shi, sai likita ya wuce shi, a sa yaro barci a banza, a sake kiran iyaye wata rana. Don haka tun da aka soma aikin a ke neman hanyar wanke hanji wadda ba za ta galabaitar da marar lafiya ba. Da fari a kan hana abinci kwana biyu ko uku, a ba da man zurma ko sana, a kuma ɗura ruwa ta dubura. Cikin 1980 Davis da Fordtran da abokan aikinsu a birnin Dallas suka haɗa wani ruwa mai sinadarin da hanji ba ya tsotsewa, aka daidaita gishirinsa da na jini, yana wucewa yana share hanya ba tare da ya kwashe ruwan jiki da yawa ba. Irinsa ne aka fi ba yara a yau. Akwai wani mai gishirin fosfet da aka yi yayi, amma hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi mai ƙarfi a kansa cikin 2008 saboda yana lahanta ƙoda, likitocin yara kuwa suna gudunsa. Sana dai ba ta fita ba: har gobe tana cikin magungunan da wasu asibitoci ke haɗawa a ba yaro, sai dai an tace ta, an auna ƙarfinta, kuma bisa nauyin yaron a ke yanke yawan da zai sha.

Tsarin shirin ya kan bambanta kaɗan daga asibiti zuwa asibiti, takardar da likita ya bayar kuwa ita ce abin bi, amma ginshiƙansa ɗaya ne. Kamar mako guda kafin ranar a kan tsai da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, domin yana baƙanta bahaya ya sa ta manne. Kwana biyu ko uku kafin ranar a kan janye abinci mai ɓawo da ƙwaya da ganye, watau irin su wake, da gyaɗa, da riɗi, da zogale, da rama, da miyar kuka. Ana gobe kuwa sai ruwan da ido ke ratsawa kaɗai: ruwan sha, da shayi ba madara, da romo tatacce, da ruwan gishiri da sukari. Kunu da koko da fura da nono ba su cikin wannan, ko da ya ke Bahaushe shansu ya ke yi ba ci ba. Zoɓo ma an hana, don jansa ya kan rikitar da likita ya zaci jini ne. Maganin kansa a kan ba da shi kaɗan kaɗan cikin sa'o'i, in yaro ya kasa sha sai a kwantar da shi a zura masa siririyar roba ta hanci. Alamar hanji ya wanku ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garau mai ɗan rawaya, ba gudaji. Sa'o'i kaɗan kafin aikin a kan hana ko da ruwa, domin barci za a sa yaron, in da abu a tumbinsa yana iya tasowa ya shaƙe shi.

6. Inda Tsohon Sani Ke Karo da Sabo

A nan ne tarihin da aka bayar a baya ke da amfani, domin kurakuran da a ke jin tsoro duk daga tsohuwar manufa su ke tasowa, kuma kowanensu yana da hujja a idon mai yinsa. Na farko, wanda ya gaji cewa zawo shi ne fitar cuta, in ya ga ɗansa ya zubar da ciki har ya koma ruwa, yana iya cewa ai an rabu da basir ɗin, ya fasa tafiyar da za ta ci masa kuɗin mota da yinin gona. Alhali kuwa tsiron yana nan inda ya ke. Na biyu, kaka tana iya ƙara nata filaskon a kan na likita don aikin ya yi kyau, sai zawon ya wuce abin da aka auna. Na uku kishiyar wannan ne: a ga zawo ya yi yawa a tsorata, a jiƙa bagaruwa, ko a dama kunu don tausayi, shirin ya rushe. Na huɗu, wanda ya fi duka hatsari, a rage wa yaro ruwa da nufin zawon ya tsaya.

Jikin yaro ƙarami ne, ruwansa ba ya jure asara, balle a bazarar Sakkwato da zafi ke wuce digiri 40. Yaron da ya rame, da mai sikila, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, hatsarinsu ya fi yawa, shi ya sa likita ke tambayar waɗannan tun da fari, ya kan kuma kwantar da irinsu a yi shirin a gabansa. Idanu su faɗa, baki ya bushe, kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, maɗigar jariri ta lotsa, yaro ya yi laushi: in aka ga waɗannan, ko amai ya ƙi tsayawa, ba a jiran gari ya waye. Makamin wannan kuwa yana da nasa tarihi. Cikin 1960 Crane ya bayyana cewa hanji yana tsotse gishiri da sukari tare, ruwa kuma ya bi su. Cikin 1971 Dakta Mahalanabis ya gwada ruwan gishiri da sukari ga 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da kwalara ta afka wa, mace-mace suka ragu ƙwarai. Daga nan ya bazu duniya, har ya zama abin da a ke koya wa mata a ɗakunan awo na ƙasar nan.

7. Shirya Zuciyar Yaron

Hanji ba shi kaɗai a ke shiryawa ba. A Ingila, har cikin shekarun 1950, a kan kwantar da yaro a asibiti a hana iyayensa zama da shi, sai da James Robertson ya ɗauki majigin wata yarinya 'yar shekara biyu cikin 1952, mutane suka ga irin baƙin cikin da ta shiga, sa'an nan rahoton Platt na 1959 ya ba da shawara a bar iyaye kusa da 'ya'yansu, a kuma gaya wa yaro abin da za a yi masa gwargwadon hankalinsa. Bahaushe bai taɓa barin majinyacinsa shi kaɗai ba, a nan ya riga su. Inda ya ke da saura shi ne wajen faɗa wa yaro gaskiya. Yaron da aka saba razana shi da allurar likita in ya yi ƙiuya, sa'an nan aka ce masa kasuwa za a je, ya farga yana kan gadon asibiti, da wuya ya sake karɓar kofi daga hannun wanda ya ruɗe shi. Wanda kuwa aka gaya masa cewa maganin ba daɗi, zai yi ta zagawa, zai ji yunwa yini guda, za a sa shi barci ba zai ji kome ba, in ya farka zai tarar da nasa a gefensa, shi ya fi shanye abin da aka ba shi. In ya yi wayo har ya san kunya, a gaya masa za a rufe jikinsa.

Akwai kuma al'amarin wanda a ke yi wa bayani. Uba ne ya kan tsaya gaban likita ya karɓi takarda, amma ba shi ke dama kunu ba. A gidan da a ke kulle, matan da za su aikata umurnin ba su ji shi daga bakin mai shi ba. In yaron ɗan fari ne kuwa, kunyar da Baba ta Karo ta ba da labarinta cikin littafin Mary Smith na 1954 tana iya sa uwa ta ja baya, renonsa ya koma hannun kaka ko goggo. Bayanin da bai kai kunnen wadda ke riƙe da ludayi ba, bai kai gida ba.

8. Kammalawa

Abin da ya rage aikin masu harshe ne da masu koyarwa. Kalmar wankin ciki ta daɗe tana nufin magani a ƙasar Sakkwato, ba kuwa za ta sauke wannan kaya don likita ya are ta ba. Malamin da ke koyar da kiwon lafiya a kwalejin horon malamai, da mai fassara takardar asibiti zuwa Hausa, ya kamata su riƙa haɗa ta da dalilinta, su ce wankin ciki don a gani, su kuma jera abincin da aka hana da sunayensa na gida, su ambaci zoɓo da fura da koko, su faɗi sarai cewa ruwa ba a rage shi sai sa'o'in ƙarshe da likita ya ƙayyade. Ba a bukatar a rena ilmin kakanni kafin a yi wannan, domin ganyen da Bello ya yi wa littafi yana nan cikin kwalabar asibiti. Abin da aka ƙara masa shi ne ma'auni, da kuma madubin da ke biye da shi washegari. In tsiro ne ke zub da jinin, a kan tsinke shi a wannan zama ɗaya, galibi cikin abin da bai wuce sa'a guda ba, a aika da shi ɗakin bincike, yaron kuma ya farka ya nemi abinci, sau da yawa a sallame shi ya kwana a Mandera.